Furen da Ya Kashe Baba Ogutu

Naivasha, 9 ga Fabrairu, 1997

Zuwa ga Goggo Apondi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Baba Ogutu da Inna Nyagem da duk mutanen gida. Yaya gwiwar taki? Wata 'yar Ugenya da muke aiki tare ta ce ta gan ki a kasuwa kina dogara sanda. Mu nan lafiya lau, sai ɗan tarin da ke taso mini duk ranar da aka yi feshi a rumfunan fure. Odero ya girma, ya shiga makarantar yara, har ya iya rubuta sunansa, ko da yake yana juya d ta koma b.

Goggo, ke kaɗai kike amsa mini takarda a gidan nan, shi ya sa na kawo miki maganar. Shekara shida ke nan rabona da gida. Baba ya ɗauke ni ina marainiya, 'yar ɗan baffansa kawai, ya sayar da saniya ya kai ni sakandare, na dawo masa da ciki. Ya ce kada ya ƙara ganin fuskata, na kuwa bi maganarsa. Amma yaron nan ya fara tambaya. Jiya muna cin tuwo ya ce mini, "Mama, mu ina ne garinmu?" In Kirsimeti ta zo, yaran layinmu kowa a ɗura shi a bas a tafi gida, mu kuma mu zauna muna gadin ɗakunan mutane. Ina so in kawo shi ya ga inda aka binne cibiyata, Baba ya dafa kansa ko sau ɗaya ne. Ba na neman komai bayan wannan.

Ga dabarar da na yi. Kin tuna takardar auren nan da ke rataye a falon Baba cikin gilashi, kusa da hoton Yesu? Afrilu 1947 aka rubuta a jiki. Wato bana Baba da Inna shekararsu hamsin cif. A wurin aikinmu wannan babban abu ne. Rabin furen da muke ɗaurewa a loda a jirgi saboda irin haka ake sayensa, wannan ranar haihuwar uwarsa ta zagayo, wancan ranar aurensa. Ni ma watan jiya na yi wa Odero nasa. Na sayi ɗan kek, na kunna kyandir biyar ya hure, yaran layi suka tafa masa. Da kin ga murnarsa. To ni da nake ɗaura wa Turawan da ban sani ba fure tun safe har yamma, me zai hana in ɗaura wa waɗanda suka raine ni? In ya gani zuciyarsa ta yi sanyi, sai in biyo baya da yaron.

Don Allah ki ɗan taɓa masa maganata ki ji yadda zai ce. Ki gaishe mini da Inna a inda ba kowa.

'Yarki,
Adongo

Ugenya, 2 ga Maris, 1997

Adongo 'yata,

Takardarki ta iso. Na karanta sau biyu, na biyun don in tabbatar ba idona ke mini wasa ba. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ruwa ya soma, an fara huɗa. Rateng, baƙin san Babanki, shi kaɗai ya rage mana tun da ɗan'uwansa ya karye bara, sai a haɗa shi da na maƙwabta su ja garma, yau gonarmu gobe tasu. Innarki tana amsawa.

Bari in fara da kek. Wato kin sayi abinci da guminki, kin kafa masa wuta a ka, kin sa yaro mai majina ya feshe shi da yawu, sannan kin yanka kin raba wa 'ya'yan mutane sun ci? Tir. Ina karantawa ina shan kunu, sai da na ture kwanon. Wayewar da kika je nema ke nan? Mu nan wa ya san ranar da aka haife shi? Ni an ce shekarar fara aka haife ni, kuma rashin kyandir bai hana ni tsufa ba.

Sai fure. Adongo, fure ciyawa ce da ta ci ado. Ana miya da shi ko ana rufa da shi? Hamsin ɗin da kike ƙirgawa, masu auren ma ba su ƙirga ba. Na je na sami Innarki tana tsince wake, na ce, "Nyagem, kin san bana shekararki hamsin da yayana?" Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Hamsin kawai? Ni ji nake ɗari ce." In kina da abin kashewa ki aiko da bargo da sukari da ganyen shayi, abin da tsoho zai taɓa ya san an tuna da shi.

Na taɓa masa maganarki kamar yadda kika roƙa. Bai tashi ya bar ni ba, wannan ma ci gaba ne, don da can ana ambaton sunanki zai nemi sandarsa. Ki sani yanar ido ta rufe masa idanu duka biyun, da murya yake gane mutane. Ni zan raka shi asibiti a Kisumu ranar Litinin ta biyu a Afrilu su kankare masa ɗaya, Laraba mu dawo. Obura da Okumu, 'ya'yan cikinsa, kowa ya ce gona ta riƙe shi. Tun da ya makance suke cin karensu ba babbaka, wannan ya matsa iyaka, wancan ya sare itace ya sayar, suna tsammanin bai sani ba. Da na ce masa Adongo tana gaisuwa, sai ya ce, "Bari idon nan ya buɗe. Zan ga abin da kowa ya shuka, har da ita." Ki auna wannan da kanki.

Ki riƙa shan zuma da citta saboda tarin, ki kuma rufe hanci in suna feshin nan nasu.

Goggonki,
Apondi

Naivasha, 15 ga Afrilu, 1997

Goggona,

Ina gaisuwa. Na san yanzu kuna Kisumu, Allah Ya sa an yi aikin a sa'a. Tarin ya yi sauƙi, zumar ta yi amfani. Odero lafiya, ya ce in tambaya ko san yana cizo.

Goggo, sai da na yi kuka da na zo kan maganar Baba. Ya ce yana so ya ga abin da na shuka. Shekara shida, sai yau ya tambayi aikina. To zai gani, kuma shi ne abin da sabon idonsa zai fara sauka a kai. Na san kin ce bargo, bargo yana nan zuwa ƙarshen wata in an biya mu. Amma tun da shi da bakinsa ya nema, kin ga ba ni da ta cewa.

Na roƙi shugaban ɗakin ɗauri ya bar mini fararen wardi masu gajeren kara, waɗanda da ma zubar da su ake yi. Lafiyarsu ƙalau, tsawo kawai suka rasa. Na zaɓi fari saboda kayan amarya. Na lanƙwasa waya na saƙa su a jiki suka zama zobe, girmansa kamar babban faifai, don ya tuna musu zoben aure. Yatsuna duk ƙaya ta sha su, amma duk wadda ta gani a ɗakin sai ta ce ba ta taɓa ganin mai kyansa ba. Na gitta zirin ƙyalle a tsakiya. Na so in rubuta sunansu su biyu, ƙyallen ya gaza, sai na rubuta OGUTU kawai, tun da sunan gidan ne duka. A ƙasa na sa 1947 – 1997 da fenti ruwan zinariya.

Yau zan ba kwandastan bas ɗin Busia akwatin, ya sauke shi a shagon Min Awiti da ke tasha gobe Laraba da safe, kafin ku iso. Ban sa sunana a jiki ba, ban kuma saka takarda a ciki ba, don in Yaya Obura ya ga daga ni ne zai iya watsar da shi a kwata kafin Baba ya gani. Wannan ta gidan waya zan aiko miki. Ke za ki gaya masa daga inda ya fito, bayan ya gama kallo.

Ki rubuto mini duk abin da ya ce, kada ki rage ko kalma ɗaya.

'Yarki,
Adongo

Ugenya, 27 ga Afrilu, 1997

Adongo,

Gaisuwa, don dai an ce da ita ake farawa. Babanki yana raye, idonsa ya buɗe. Na fara da wannan ne saboda a garin nan yanzu sai an faɗa kafin a yarda.

Takardarki jiya ta iso, bayan ɓarna ta gama kwana ta tashi. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Zauna ki ji abin da kika shuka.

Likita bai zo ranar Litinin ba. Sai Alhamis aka yi aikin, sai Asabar aka sallame mu. Akwatinki kuwa bai makara ba, Laraba da safe ya sauka daga motar da ta ratso Kisumu, inda kowa ya san an kwantar da Ogutu. Kin san Min Awiti, ko ƙullin gishirin wani ba ta iya gani ta bari a ɗaure. Ta buɗe. Ta ga zoben farin fure, ta ga suna, ta ga shekara biyu da ɗan layi a tsakaninsu. Ke Adongo, ke da kika yi sakandare, gaya mini, a ina mutumin Ugenya ya taɓa ganin zoben fure da suna da shekara biyu? A kan kabari, ranar da 'yan birni suka kawo gawar nasu. Ta ɗora hannu a ka ta ratsa kasuwa da kururuwa, kafin ta kai bakin gida mata sun cika hanya a bayanta.

Mutum ɗaya ne ya yi tunani, tsohon malamin coci. Ya ce, "Ku dakata, a 1947 ai Ogutu da gemunsa, ya za a ce shekarar aka haife shi?" Obura ya ce, "Mutanen asibiti ne, shekarar da suka ga dama suke rubutawa." Shi ke nan aka wuce wurin. Aka ce wani ya je Kisumu ya gano gawa ya taho da ni. Okumu ya ce ba a zuwa ɗauko gawa hannu biyu, a bari a tara na akwati tukuna. Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, a cikin 'ya'yansa da jikokinsa ba wanda ya taka mota.

Innarki ce ta ƙi. Kin san ba mai buɗe kuka a cikin gida sai uwargida ta fara. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta ce, "Ba zan yi wa ciyawa kuka ba, ku kawo mini gawa." Yini guda suna kanta. Matar Obura har tana cewa da ma zuciyar tsohuwar nan dutse ce, wa ya sani ko da hannunta a ciki. Ranar Alhamis ta gaji, ta fasa kukan. Daga nan dangi suka ɓarke daga Gem da Alego da ko'ina, kowa da tabarmarsa da cikinsa. Ranar Juma'a Obura ya ce ba za a bar baƙi da yunwa a ji kunya ba, ya kayar da Rateng. A tsakiyar shuka, rabin gonar gangare ba a huɗe ba.

Asabar da rana muka sauka a tasha. Babanki sanye da baƙin tabarau da suka ba shi, yana ta karanta mini allunan shaguna kamar ɗan aji ɗaya, don murna. Tasha ba kowa, shagon Min Awiti a rufe. Muka kama hanya. Daga wajen rafi muka fara jin ƙaho da kuka. Ya ce, "Apondi, wa ya mutu?" Na ce wa ya sani, mu dai hanzarta. Da muka matso sai ga muryar Nyagem a sama da ta kowa, tana kiran dogon da ya ƙetare kogin Nzoia a cike don ya zo zance wurinta, tana cewa wa zai ƙara yi mata faɗa a kan gishiri. Ya tsaya cak a kan hanya. Ni ma na tsaya.

Muka shiga. Ban taɓa ganin gudu irin na ranar ba. Mata masu jikoki suna tsallake shinge, fasto ya yar da littafi ya bi ta cikin ayaba. Kin ce kina so furenki ya zama abin da idonsa zai fara gani. Bai samu wannan matsayin ba. Abin da ya fara gani fatar Rateng ce a shanye an kafe ta da turaku, kan yana tafasa a tukunya. Na biyu Okumu, sanye da kwat ɗin Babanki ta zuwa coci. Na uku igiya a miƙe a gonar gangare, don tun ranar Alhamis Okumu da Obura suke awo suna zage-zage a kan wa zai ɗauki gefen rafi. Furenki na huɗu ya zo. An ɗora shi a kan kujerarsa a tsakar gida, ya yi kwana uku a rana, ya koma ruwan ƙasa, ya yi yauƙi, ƙuda ya rufe shi. Warinsa kamar an jiƙa tsumma an manta. Daga baya na jefa wa akuya, ta shinshina ta juya baya.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya taka har gefen ɗakinsa inda suka fara haƙa rami, ya leƙa, ya cire tabarau ya ƙara leƙawa. Ya ce, "Gajere ne. Ko wannan ba ku iya aunawa ba." Sannan ya juya wurin Innarki, ita kaɗai ce ba ta gudu ba, tana zaune a ƙasa da toka a ka. Ya ce, "Nyagem, shekarun nan duka ban taɓa jin wannan a bakinki ba." Ta share hanci da zani ta ce, "Da ma ba don kunnenka na yi ba, Uban Obura." Ta tashi ta ɗebo masa ruwa.

Kin san abin da ya fi tayar mini da zuciya? Da masu gudu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suka taɓa shi suka ji ɗumi, sai suka zauna suka cinye naman. Wai ai an riga an dafa. Mutum yana zaune yana kallo ana tsotsar ƙashin sansa a makokinsa, har wata tana tambaya ko akwai sauran hanta. Wasu da ƙunshi suka tafi. Ni tun ranar ban iya kai nama baki ba.

Ba sai na gaya masa daga inda ya fito ba. Obura ya tare kwandasta, ya ce masa wata siririya ce a Naivasha mai tari. Yanzu duk Ugenya an san Adongo ta aiko wa wanda ya raine ta furen kabari yana kwance a asibiti. Obura yana cewa ba kuskure ba ne, fata ne, kuma sai kin biya sa. Da dattijo ya ce zai ga abin da kowa ya shuka, ke a tunaninki lambu yake tambaya? Harshen garinku ma ya gagare ki, ko sanyin ɗakin furen nan ne ya daskarar miki da kai? Na ce bargo. Da bargo kika aiko da yanzu yana lulluɓe da shi, Rateng yana gona.

Kada ki rubuto mini sai na neme ki. Raina a ɓace yake da ke da su da garin gaba ɗaya.

Apondi

Naivasha, 6 ga Mayu, 1997

Goggo,

Kin ce kada in rubuto, ki yi haƙuri, ba zan iya ba. Ina gaishe ki, ina yi wa Baba barka da ido. Kwana biyu ban je aiki ba bayan na karanta takardarki. Na rufe ɗaki na ce wa Odero zazzaɓi nake yi.

Na yi wauta, na yarda. Kullum hannuna a cikin fure, har na manta yadda yake a idon wanda ba ya ganinsa sai ranar binnewa. Da na rufe ido na hango shi a shagon Min Awiti, ni kaina furen kabari na gani. Ki gaya wa Inna ta yafe mini kukan da na sa ta.

Amma Goggo, bari ni ma in faɗi nawa. Furen ne ya riƙe wuƙa ya yanka Rateng? Furen ne ya buɗe akwatin Baba ya ɗauki kwat? Shi ya miƙa igiya a gona? Ni ina Naivasha na san ranar da za a kwantar da shi da ranar da zai dawo. Su suna gida, aka ce musu ubansu ya mutu, ba wanda ya ce bari in je in ga fuskarsa. Yini uku suna da ƙafar zuwa awon gona, ba su da ta zuwa Kisumu. Yanzu ni ce mai mugun fata? Allah wadai. Ina tuna yadda nake wanke wa Yaya Obura kaya ina kiransa yaya, sai takaici ya kama ni.

Ga bargo da sukari da ganyen shayi na ba 'yar Ugenyar nan ta kawo miki hannu da hannu. In ya ƙi karɓa ki rufa da shi.

Abu ɗaya ba ki faɗa mini ba. Kin faɗi abin da ya ce wa rami, kin faɗi abin da ya ce wa Inna. Da ya ji ni ce, me ya ce?

'Yarki,
Adongo

Naivasha, 22 ga Yuni, 1997

Goggo,

Ina gaisuwa. Shiru har yanzu. Matar da na aika ta ce ta ba ki kayan, kin karɓa ba ki ce komai ba. In amsar ita ce kada in sake tunanin gida, ki rubuta mini haka a layi ɗaya, zan iya ɗauka. Zaman jiran ne ba na iyawa.

Ni na yi kuskuren gaya wa Odero tun a Afrilu cewa za mu je wurin kakansa. Ya zuba rigunansa biyu a leda ya rataye a ƙusa, ya hana ni taɓawa. Tarin ya dawo, amma ina zuwa aiki.

'Yarki,
Adongo

Ugenya, 13 ga Yuli, 1997

Adongo 'yata,

Gaisuwa da fatan tarin ya lafa. Takardunki biyu suna hannuna. Muna lafiya. Masara ta yi rabin abin da ta saba, don da fartanya muka ƙarasa gonar gangare ni da Innarki da matan coci. Bargon yana jikinsa kullum safiya, bai tambayi daga ina ba, ni ma ban faɗa ba, kuma ya sani.

Ban yi shiru don fushi ba. Fushin ya wuce tun a Mayu. Na rasa yadda zan rubuta miki abin da ya faru ne, don ban san ko albishir ba ne ko jaje.

Kin tambayi me ya ce da ya ji ke ce. Bai ce komai ba, wata guda cur. Sai Obura ya tara dattawan dangi a gindin mangwaro, wai a yanke miki hukunci: ki biya sa, kuma a furta a gaban kowa cewa ƙafarki ba za ta ƙara taka gidan nan ba, ke da ɗan da ba a san ubansa ba. Haka ya faɗa. Ya yi dogon jawabi, Okumu yana gyaɗa kai, ka rantse ba su ne suka kusa sare juna da adda a kan rafi ba. Da suka gama aka juya wurin Babanki.

Ya ce, "Likita ya buɗe mini ido ɗaya, yarinyar nan ta buɗe ɗayan. Ba kowa ke samun ganin makokinsa ba. Ni na gani, kuma na ƙoshi." Ya ce sa nasa ne, wanda ya yanka ya sani, kada a ƙara ɗora wa wadda ba ta nan. Sannan ya ce gonar gangare, tun daga ayaba har bakin rafi, wadda suka sha wahalar aunawa, ta Odero ce. Ya ce yaron jikansa ne, a gidan nan zai yi suna, a nan zai kafa ɗaki. Wani dattijo ya ce, "Ogutu, ba a taɓa yi ba, ɗan 'ya mace, kuma irin wannan." Babanki ya ce, "Mataccen da ya dawo ma ba a taɓa yi ba." Ya sa aka kira mai unguwa ya maimaita a gabansa. Daga nan ya dube ni ya ce, "Apondi, rubuta mata ta zo, ta kawo mini yaron in gan shi tun idon yana aiki."

To kin ji. Abin da kika roƙa kin samu, har da wanda ba ki roƙa ba. Na san yanzu kina kuka kina neman jakarki. Ajiye ta ki ƙarasa karatu.

Washegarin taron aka wayi gari an sare ayabar gonar kaf, an bar ta a kwance. Ba wanda ya ga kowa. Bayan mako karen Babanki, wanda ke kwana a ƙofarsa, ya ci wani abu a bayan rumbu, kafin rana ta take ya miƙe yana kumfa. Obura da Okumu da ba sa ga maciji yanzu kwano ɗaya suke ci. Ni da Innarki mun daina barin tukunya a murhu ba mai tsaro, ruwan shansa ma a ɗakina nake ajiyewa. Shekaranjiya matar Obura, wadda rabonta da gaishe ni tun Ista, ta tare ni a rijiya har da durƙusawa. Ta ce, "Goggo, yaushe ɗan namu zai iso? Ki gaya mini da wuri, ina so in yanka masa kaza in dafa da hannuna." Tana murmushi har kunne. Na dawo gida ban ɗebi ruwan ba, na zauna a bayan ɗaki. Obura da Okumu jinina ne, ni na yi musu wanka suna jarirai, kuma ƙyamarsu nake ji.

Ba ni da shaidar da zan kai gaban kowa. Kare yana iya cin abin da ya ci, iska ma tana kayar da ayaba, ko da yake ba ta saba yi da adda ba. Amma yaro ɗan shekara biyar ba ya ƙin abin da aka miƙa masa, kuma ni da gwiwa ɗaya ba zan iya bin sa lungu-lungu ba. Na gwada gaya wa Babanki. Ya ce 'ya'yansa ɓarayi ne amma ba su kai nan ba, ya hana ni ƙarasawa.

Kullum in rana ta yi sanyi sai ya sa a fitar masa da kujera bakin hanya, inda ake hango masu saukowa daga tasha. Duk macen da ta ɓullo da yaro sai ya cire tabarau ya miƙe. Jiya ya tambaye ni ko na aika takardar, na ce na aika. Ya ce me kika ce, na ce kina neman hutu a wurin aiki, kina hanya. Haka zan ci gaba da gaya masa, Allah Ya yafe mini.

Ke kuma ina gaya miki, kada ki zo. Ki sauke ledar yaron nan daga ƙusa.

Goggonki,
Apondi